Tagar da Ke Kallon Mashigi

Shekara uku ina zana gidan nan
a bayan takardun kuɗin lantarki,
kafin Marisol ta zo da nata zanen mai miƙaƙƙun layuka,
ta shimfiɗa a teburin da nake feraye dankali,
ta danne kusurwoyin da kofunan shayi.
Na ce tagar falo ta kalli mashigin ruwa,
in riƙa hango kwalekwalen Aladino
tun kafin shi ya hango hayaƙina.
Ta ce iskar arewa za ta ci katakon.
Na ce ta ci.

A tsibirin Chiloé ruwan sama ba baƙo ba ne,
shi ne mai gari.
Mun haƙa harsashi ran Litinin,
ran Laraba kwaɗi suka tare a ciki
kamar su suka biya kuɗin fili.
Jirgin fito ya kwana shida bai ƙetaro ba,
siminti na can hayin Pargua yana jiran teku ta huce,
ni kuwa ina biyan mutum huɗu ladan kallon gajimare.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya.
Nawa tun bara waccan na fafe shi,
a hanya ya tsage.

Ina da littafi mai baƙin bango:
hagu abin da muka ƙiyasta, dama abin da ya fita.
Dama sai ƙiba take yi.
Nibaldo, babban kafinta,
fensir a kunne, "gobe" a baki,
ya ce ƙusa ta tashi, kwano ya tashi,
na ce me ya rage a zaune?
Ya ce ke da ni.
Daren nan na ja layi a kan ɗakin bene,
ɗakin Yasna, in ta zo hutu daga Punta Arenas.
Da na gaya mata a waya ta yi dariya,
irin dariyar da uwa ke jin ƙasanta.

A wata na biyar, bango ya tsaya, rufi saura,
aka ɗauko Aladino daga cikin kwalekwale,
ɓarin dama ya daina amsa kira.

Na dawo daga asibitin Castro da igiyar awo a jaka.
Na auna keken da suka ba shi, taya zuwa taya.
Ƙofofina duka sun gaza da faɗin tafin hannu.
Nibaldo ya dubi lambar, ya dubi ƙasa,
karon farko bai ce gobe ba.
Ya ɓamɓare dogaran ƙofa bakwai da ya kafa da hannunsa,
matakala uku na ƙofar gida suka zama gangare,
Marisol ta goge, ta sāke, ba ta rubuta mini kuɗi ba.
Sai tagar.
Na zauna a kan bokiti daidai tsayin keke,
ban ga ruwa ba, sama kawai.
Na ce a sauke ta kamu biyu.

Ranar rufi maƙwabta suka yi mana gayya,
guduma goma sha ɗaya, kowacce da nata kiɗan,
aka gasa ƙumba da dankali a rami bisa jajayen duwatsu,
tsohuwa Brunilda ta ce gangaren ya cika tsayi,
ta hau ta sauka sau biyu don ta tabbatar.

Har yau takardar ƙaramar hukuma ba hatimi.
Akwai yoyo ɗaya a bayan murhu da muka kasa gano bakinsa,
na ajiye masa tukunya.
Banɗaki ba fenti.

Da safe nakan turo shi gaban gilashin,
in koma ga littafina, dama da hagu.
Jiya wani kwalekwale ya gifta, ya ɗan karkata,
Aladino ya ɗaga hannun da ke jin magana,
harshe na ja masa, ya ce:
wancan
bai iya lodi ba.